Mako Uku Ba Rafali Na Gaskiya: Yadda Jifa Ɗaya Ta Kawo Ƙarshen Rikicin Alƙalan Wasa A Amurka

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau maganar alƙalan wasa za mu yi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo ya san babu mai shan zagi irin rafali. Ƙungiyarku ta ci, ba wanda zai tuna sunansa. An ci ku, shi ne ɓarawo, shi aka saya, har iyayensa sai an ambata. To tambayar da za mu bi yau ita ce: idan aka wayi gari rafalin nan bai zo fili ba, aka ɗauko wani daga ƙaramar gasa aka miƙa masa usur, me zai faru? An gwada, ba sau ɗaya ba. Gwajin da ya fi kowanne ƙaurin suna shi ne na Amurka a 2012, kuma a kansa za mu fi daɗewa.

Kafin mu shiga, akwai abu biyu da ya kamata mu raba. Mu a nan yajin aiki muka sani: ma'aikata su ajiye aiki har sai an biya musu buƙata, irin na malaman jami'a da muka sha gani. Akwai kuma kishiyarsa, inda mai aikin ne da kansa zai rufe ƙofa, ya ce wa ma'aikata kar wanda ya zo, ba aiki ba albashi, har sai kun sa hannu a kan abin da nake so. Wannan na biyun shi ya faru a 2012. Alƙalan ba su tafi yaji ba, kulle su aka yi a waje. Ku riƙe wannan, don mutane da yawa suna cakuɗa su.

Sannan ƙwallon da muke magana a kai ba irin tamu ba ce ta Firimiya da Laliga. Ƙwallon Amurka ce, wadda ake sa hular kwano da sulke a kafaɗa, ƙwallon kanta mai siffar ƙwai, a ɗauka da hannu a ruga ko a jefa wa wani. Babbar gasarsu ita ce NFL, ƙungiyoyi 32. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili. Ana ba masu kai hari dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan da ke ƙarshen fili, ko ya cafe ta a can, ya samu maki 6, sai a ƙara bugu ɗaya mai maki 1. Alƙalai bakwai ne ke kula da kowane wasa, kowa da wurin tsayuwarsa da abin da idonsa ke bi. Iya abin da kuke buƙata ke nan don ku bi labarin.

To me ya haɗa su?

Yarjejeniyar da ke tsakanin NFL da ƙungiyar alƙalanta ta ƙare a ƙarshen watan Mayun 2012. Aka zauna ba a daidaita ba, farkon Yuni hukumar gasar ta rufe ƙofa. Alƙalan su 121 ne. Abin da zai ba ku mamaki, aikin nan ba shi ne babbar sana'arsu ba. Yawancinsu suna da aikin da suke yi Litinin zuwa Juma'a, wani lauya, wani malamin makaranta, wani ɗan kasuwa, ƙarshen mako su hau jirgi su tafi busa. Shahararren cikinsu, Ed Hochuli, lauya ne a jihar Arizona. Matsakaicin abin da alƙali ke samu a kakar 2011 dala dubu 149 ne. Na san wani zai ce kai, wannan ai kuɗi ne, me kuma suke nema? Gaskiya ne kuɗi ne. Amma ku ɗora shi kusa da kuɗin da gasar ke tarawa a lokacin, wajen dala biliyan 9 a shekara.

Albashi yana cikin rigimar, amma ƙashin bayanta fansho ne. Alƙalan suna kan tsohon tsari, wanda mai aiki ke ɗaukar alkawarin cewa idan ka yi ritaya zai riƙa ba ka kaza duk wata har ƙarshen rayuwarka. Masu ƙungiyoyi suka ce a daina wannan, a koma tsarin da za a riƙa zuba maka kuɗi a asusu, a juya su a kasuwar hannun jari, abin da ka tarar ranar ritaya shi ne naka. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san wannan sauyin sarai, shi ne irin wanda dokar fansho ta 2004 ta kawo. Bambancin tsarin biyu shi ne wa zai ɗauki asara idan kasuwa ta faɗi. A tsohon tsari mai aiki ne, a sabo kai ne. Hujjar shugaban gasar, Roger Goodell, ita ce ma'aikatan ofishin NFL na cikakken lokaci ma ba su da irin wancan fanshon, don me masu aikin ƙarshen mako za su riƙe shi? Alƙalan kuma suka ce da wannan alkawarin aka ɗauke mu, wasunmu sun bar wasu damarmaki saboda shi, ba a canza wa mutum doka ana tsakiyar wasa.

Akwai abu na uku. Hukumar tana son ta ɗauki ƙarin alƙalai ta ajiye a benci, wanda ya yi ta kuskure a zaunar da shi a sa wani. A wajen hukuma wannan gyaran aiki ne. A wajen alƙalai kuwa, tunda kuɗinsu ya danganta da wasannin da suka busa, wuƙa ce aka ɗora musu a wuya.

Rahotannin lokacin sun ce tazarar da ke tsakaninsu a kan fanshon ba ta wuce dala miliyan uku da 'yan kai a shekara ba. Ku raba wa ƙungiyoyi 32, kowacce wajen dala dubu 100 ke nan, kuɗin da bai kai albashin ɗan wasa mafi ƙanƙanta a benci ba. Shi ya sa ni a ganina masu ƙungiyoyin ba kuɗin suke ji ba. Shekara ɗaya kafin nan, a 2011, sun kulle 'yan wasa kansu daga Maris zuwa Yuli, sun kuma samu da yawa daga abin da suke so. Wanda ya lanƙwasa taurari, yaya zai tsaya lallashin masu usur?

Lissafinsu mai sauƙi ne: ba wanda ke sayen tikiti don ya kalli rafali. Kuma sun taɓa gwadawa. A 2001 an yi irin wannan rikicin, 'yan cike gurbi suka busa makon farko na kaka, ba a yi wata babbar ɓarna ba, aka sasanta.

Sai dai 2012 ta zo da wani abu daban. A Amurka, matakin da ke bin NFL a ƙarfi shi ne manyan gasannin jami'o'i, inda ake cika filin mutum dubu 100. Alƙalan can su ne suka fi kusa da iya aikin. To da yawa daga masu kula da alƙalan waɗannan gasannin tsofaffin alƙalan NFL ne, wasu ma suna kan aiki. Kun ga ba za su saki yaransu su je su karya wa 'yan'uwansu gwiwa ba. Shi ma matashin alƙalin da ke burin shiga NFL wata rana ya san in ya tsallaka wannan layin, da mutanen da ya ci amana zai yi aiki gobe. Sai hukuma ta gangara ƙasa: ƙananan kwalejoji, makarantun sakandare, gasar da ake yi a rufaffen ɗaki, da waɗanda suka yi ritaya. Kamar a ce an ɗauko mai busa gasar unguwa an ce gobe kai za ka busa Madrid da Barcelona.

A cikinsu akwai Shannon Eastin, wadda ta zama mace ta farko da ta yi alƙalanci a wasan NFL. Abin tarihi ne, amma ya zo a cikin hayaniyar da ta sa ba a tsaya an yaba shi yadda ya kamata ba.

Makon farko aka wuce da 'yan kurakurai. A wasan Seattle da Arizona an ba Seattle ƙarin hutun dakatar da agogo wanda ba su da shi. Mutane suka yi dariya, aka ce ai ba laifi.

Mako na biyu abin ya fara wari. Ana saura sa'o'i a fara wasan New Orleans Saints da Carolina, aka janye ɗaya daga alƙalan saboda an gano shafinsa na Facebook cike da hotunansa sanye da kayan Saints. Mai goyon bayan ƙungiya ne aka tura ya yi mata alƙalanci, kuma ba hukumar ce ta gano ba, sai da aka nuna mata. A wasan daren Litinin tsakanin Atlanta da Denver, kashin farko na wasan ya ɗauki kusan awa guda, ana ta taron alƙalai a tsakiyar fili, 'yan wasa na ture-ture, koci na ihu. Aka ci tarar kocin Denver, John Fox, dala dubu 30.

A nan ne ake gane ainihin aikin rafali. Sanin doka kowa zai iya, littafi ne, a haddace. Abin da sababbin nan suka rasa shi ne gudun wasan da kuma kwarjini. Ɗan wasan NFL mai nauyin kilo 110 yana gudu kamar ɗan tsere, abin da zai faru cikin rabin daƙiƙa ne, idon da ya saba da 'yan sakandare ba zai kama shi ba. Su kuma 'yan wasa da kociyoyi, da suka fahimci malamin aji baƙo ne, sai kowa ya fara gwada sa'arsa: a riƙe riga, a yi duka bayan an busa, koci ya biyo alƙali yana masa tsawa har ya canza hukunci. Tsohon alƙali yana kashe faɗa tun kafin ya tashi, da kallo ɗaya ko kalma ɗaya, don ya san kowa kowa ya san shi. Wannan ba a koyar da shi a bitar mako biyu.

Kuma a wasan da ake karo da kai, sakacin alƙali ba maki kawai yake ci ba. A mako na uku an kwantar da Darrius Heyward-Bey na Oakland da wani karo a ka, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya zuwa asibiti, ba a ko busa laifi ba. Daga baya hukuma ta ci tarar wanda ya yi karon, wato ta yarda laifi ne. Ƙungiyar 'yan wasa ta rubuta wa masu ƙungiyoyi takarda tana cewa ana wasa da lafiyar mambobinta. A daren Lahadin makon, kocin New England, Bill Belichick, ya bi wani alƙali da gudu ya kamo hannunsa bayan an tashi wasa, aka ci shi tarar dala dubu 50.

Duk da haka masu ƙungiyoyi ba su motsa ba. Me ya sa? Saboda mutane ba su daina kallo ba. Tsohon tauraro Steve Young ya faɗi haka a tashar ESPN, cewa babu abin da zai rage son da ake yi wa wasan nan, don haka masu shi ba su damu ba. Magana ce mai ɗaci, amma har zuwa ranar ba wanda ya iya ƙaryata shi.

Sai daren Litinin, 24 ga Satumba, 2012.

Green Bay Packers sun je baƙunci Seattle. Wasan daren Litinin shi kaɗai ake bugawa a lokacin, duk ƙasar shi take kallo. Saura daƙiƙa 8 a tashi, Packers na gaba da 12 da 7. Seattle na da dama ɗaya tak, daga yadi 24. Mai jefa musu ƙwallo, Russell Wilson, sabon shiga ne, wasansa na uku ke nan a gasar. Ya ja da baya, ya zagaya, ya cilla ƙwallo sama can cikin gida inda mutane suka taru, irin jifar nan ta a-mutu-ko-a-yi-rai da Amurkawa ke kira Hail Mary, sunan wata addu'ar Katolika, wato ka jefa ka koma roƙo.

Abu biyu suka faru a cikin daƙiƙa ɗaya. Na farko, ɗan wasan Seattle Golden Tate ya sa hannu biyu ya hankaɗe mai tsaron Packers Sam Shields daga baya har ya faɗi. Laifi ne ƙarara, da an busa shi wasa ya ƙare, Packers sun ci. Ba a busa ba. Na biyu, wani mai tsaron Packers, M.D. Jennings, ya yi tsalle ya fi kowa, ya kama ƙwallo da hannu biyu ya jawo ta ƙirjinsa. Tate ya cusa hannu, suka faɗo tare suna kokawa a kanta.

Dokar ta ce idan mutum biyu suka kama ƙwallo lokaci guda, ta masu kai hari ce. Amma dokar ta ƙara da cewa idan ɗaya ya riga ya mallake ta sannan ɗayan ya sa hannu, wannan ba kamun tare ba ne. Yawancin waɗanda suka ga maimaicin sun ce Jennings ya riga.

Alƙalai biyu suka rugo, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suka leƙa ƙasa, suka kalli juna. Ɗaya, Lance Easley, ya ɗaga hannu biyu sama, alamar Seattle ta ci maki 6. Ɗayan yana kaɗa hannuwa a saman kai, alamar a tsayar da agogo, wadda ke nuna shi bai ga ci ba. Hoto ɗaya, mutum biyu masu riga iri ɗaya, hukunci biyu. Babban alƙali ya je ya duba bidiyo, ya dawo ya ce babu hujjar da ta isa a soke. Fili ya cika da 'yan jarida, Packers suka shige ɗakin canza kaya cikin fushi, sai da aka bi su aka dawo da mutum 11 don a yi bugun ƙarshe mai maki ɗaya, bayan kusan minti goma. Aka tashi 14 da 12. Kafin gari ya waye an raɗa wa abin suna Fail Mary, wato an juya sunan addu'ar ya koma na faɗuwa.

Washegari NFL ta fitar da sanarwa mai ban dariya. Ta yarda cewa ya kamata a busa turin da Tate ya yi, kuma da an busa da wasa ya ƙare. Amma ta ce ta goyi bayan rashin soke kamun, kuma sakamako ya zauna.

Abin da ya biyo baya ya wuce wasanni. 'Yan wasan Packers suka hau Twitter suna zagin hukuma a fili, suna cewa a ci su tara in an ga dama. Lokacin yaƙin neman zaɓe ne, Shugaba Barack Obama ya sa baki ya ce yana fatan a dawo da alƙalan, abokan hamayyarsa ma haka. Wanda ya fi ba mutane dariya shi ne gwamnan Wisconsin, jihar Packers, Scott Walker. Mutumin nan a 2011 shi ya sa hannu a dokar da ta ƙwace wa yawancin ma'aikatan gwamnatin jiharsa ikon yin ciniki ta hannun ƙungiyar ƙwadago, har aka yi ta zanga-zanga. Sai ga shi yana kiran a dawo da alƙalai na gaskiya, 'yan ƙungiyar ƙwadago. Ato, ranar da abin ya taɓa ƙungiyarsa.

Ga kuma 'yan caca. Packers ake ba nasara a wasan, yawancin kuɗi a kansu aka zuba, hukuncin nan ɗaya ya juya akalar kuɗin da aka ƙiyasta sun haura dala miliyan 150. Wannan yana da muhimmanci ko da mutum ba ruwansa da caca, don abin da gasa ke sayarwa shi ne yardar mai kallo cewa sakamakon da ya gani na gaskiya ne. Kuskuren mako na farko da na biyu sun ɓata wa mutane rai. Na daren Litinin ya canza wanda ya ci wasa, a bugun ƙarshe, a gaban kowa.

Rikicin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kusan wata huɗu, cikin kwana biyu aka gama shi. Daren Laraba 26 ga wata aka sanar da yarjejeniya. Ranar Alhamis tsofaffin alƙalai suka fito filin Baltimore don wasan Ravens da Cleveland, ƙarƙashin Gene Steratore, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafa musu. Rafali fa, ana masa tafi! Ba a je ko'ina ba a wasan aka koma yi musu ihu kamar yadda aka saba. Sun iya dawowa cikin kwana ɗaya ne saboda duk tsawon kullen Hochuli yana haɗa su a waya kowane mako, ana bitar doka ana jarrabawa. Ranar Asabar suka kaɗa ƙuri'a, 112 suka amince, 5 suka ƙi. Wasanni 48 na kaka 'yan cike gurbi suka busa. Goodell ya ba magoya baya haƙuri.

To wa ya ci? A nan nake so ku lura, don labarin da aka fi yaɗawa shi ne alƙalai sun kayar da hukuma. Yarjejeniyar ta shekara takwas ce. Albashi ya tashi zuwa dala dubu 173 a 2013, zai kai dubu 205 a 2019. Wannan nasara ce. Amma tsohon fanshon an bar wa waɗanda ke kan aiki ne zuwa kakar 2016 kawai, daga nan kowa ya koma sabon tsari, sababbin ɗauka kuwa tun daga ranar farko. Hukuma ta kuma samu damar ɗaukar wasu alƙalai aiki na cikakken lokaci da ƙarin wasu don horarwa. Wato a ranar da alƙalan suka fi kowane lokaci ƙarfi, shugaban ƙasa na bayansu, duk ƙasa na bayansu, abin da suka iya samu a kan fansho shi ne jinkirin shekara biyar. Masu kuɗin sun ji kunya, amma abin da suka fito nema sun same shi.

Packers kuwa sun biya. Sun gama kaka da nasara 11 da rashin nasara 5. San Francisco ta gama da nasara 11, rashin nasara 4, canjaras 1, ta sha gabansu da ƙyar. Da an ba su wasan Seattle, su za su huta a zagayen farko na fitar da gwani, su kuma karɓi baƙunci a gida. Maimakon haka sai suka je San Francisco aka fitar da su 45 da 31.

Shi kuma Lance Easley, ma'aikacin banki ne a Kalifoniya mai busa wasannin sakandare da ƙananan kwalejoji. Ya sha barazana da zagi, daga baya ya fito ya faɗa da bakinsa cewa ya yi fama da ciwon damuwa mai tsanani har ya nemi magani. Ni dai ban ga adalci a ɗora masa komai ba. An kira shi, an ba shi riga, an tura shi aikin da waɗanda suka tura shi sun san ya fi ƙarfinsa. Kuma kar mu manta ƙwararrun ma suna tafka nasu: Hochuli kansa a 2008 ya yi wata busa a wasan Denver da San Diego da ta canza sakamako, ya sha ruwan wasiƙun zagi.

Kar ku ce abin na masu hular kwano ne kawai. A ƙwallon da muka sani ma an yi.

Skotland, 2010. Wannan yajin aiki ne na gaske, kuma ba a kan kuɗi ba. A watan Oktoba, a wasan Dundee United da Celtic, alƙali Dougie McDonald ya ba Celtic fenariti, ya je ya yi magana da mataimakinsa, ya soke. Sokewar ba ita ce matsalar ba. Matsalar ita ce daga baya ya ba kocin Celtic, Neil Lennon, labarin da ba haka abin ya faru ba a kan yadda aka yanke hukuncin, kuma asiri ya tonu. Mataimakin ya ajiye aiki. Daga nan kowane hukunci ya zama abin zargi, ana kiran alƙalai a waya ana musu barazana a gidajensu. Manyan alƙalan ƙasar suka ce tunda an mai da mu maƙaryata, ba za mu busa wasannin 27 da 28 ga Nuwamba ba.

Hukumar ƙwallon Skotland ta bazama neman alƙalai a ƙasashen waje. Ƙasashe da dama suka ƙi, don ba sa son su karya wa abokan aikinsu yaji. Na Poland suka amsa sannan suka janye. Na Fotugal har sun sauka a filin jirgi, suka juya suka koma gida. A ƙarshe aka samu daga Isra'ila, Malta da Luxembourg, aka buga wasu manyan wasanni, aka ɗage da yawa na ƙananan rukuni. Alain Hamer na Luxembourg ya busa wasan Celtic da Inverness, aka tashi 2 da 2, ba wata hayaniya. Dalili a fili yake: waɗannan ƙwararru ne masu busa manyan wasanni a ƙasashensu da Turai, kuma ba wanda zai ce ɗan Luxembourg yana da ɓangare tsakanin Celtic da Rangers. McDonald ya yi ritaya a ƙarshen makon nan.

Na baya-bayan nan shi ne gasar MLS ta Amurka a 2024, gasar da Messi ke bugawa. A watan Fabrairu alƙalai suka yi watsi da tayin da shugabanninsu suka kawo musu, da ƙuri'a sama da kashi 95 cikin 100, kamfanin da ke ɗaukarsu aiki ya rufe ƙofa. Wasan buɗe kaka na Inter Miami da Real Salt Lake, 'yan cike gurbi suka busa shi. A wasa na gaba da LA Galaxy aka ba Mark Delgado katin gargaɗi na biyu aka kore shi a kan abin da bidiyo ya nuna ba laifinsa ba ne, Messi ya farke a ƙarshen wasa, daga baya kwamiti ya soke katin, amma maki biyun Galaxy sun tafi. Sannan, kamar an kwafo daga 2012, aka janye wani alƙali daga wasan Inter Miami da Orlando bayan hotunansa sun fito yana sanye da jesin Inter Miami.

Amma MLS ba ta samu daren Litinin irin na Seattle ba. Akwai na'urar VAR tana kama manyan kurakurai, kuma idon ƙasar ba a kan gasar yake ba kamar NFL. Sai kullen ya ja fiye da wata guda ana buga wasa, har ƙarshen Maris, aka sa hannu a yarjejeniyar shekara bakwai da ƙarin albashi.

Ita kuwa NFL, da wa'adin ya zo ƙarewa, ba ta sake gwada rufe ƙofa ba. A Satumbar 2019 aka sabunta yarjejeniya da alƙalai cikin ruwan sanyi, ta shekara bakwai, zuwa ƙarshen Mayun 2026.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.